Kafinta a Motar Wani

"Sunkuyar da kanka, Baba. Ƙara kaɗan. Yauwa, ƙafar hagu tukuna."

Ina tsaye da bokiti a hannu, soso yana ɗigar da kumfa a kan takalmina, ina kallon yadda ake naɗe Kafinta kamar tabarma ana cusa shi cikin motar yaron nan. Auta, 'yarsa, ta riƙe masa hannu, mai motar ya tallafe masa baya. Mutumin da ko sa takalmi ba ya iya yi sai an taya shi saboda ciwon ƙirji, ga shi ana lanƙwasa shi yana dariya.

"Kai! Wannan ai a ƙasa nake zaune!" ya ce da ya samu ya zauna. "Direba, zo ka gani! Mazaunaina na shafar kwalta!"

Ni ne Direba. Haka yake kirana tun gashinmu yana baƙi.

"Ina gani daga nan," na ce, na mayar da soso kan gilashin motata.

Mai motar ya zagaya ya shiga. Lauya muke ce masa, don aikinsa ke nan, kuma bai daɗe da kama hayar gidan da ke kallon namu ba. Bai murɗa makulli ba, wani abu kawai ya danna da ɗan yatsa, sai motar ta yi wani gurnani mai kauri da na ji shi har cikin haƙorana. Ruwan ɗorawa ce, ƙofa biyu, kujera biyu, ta durƙushe a ƙasa kamar kwaɗo yana shirin tsalle. Kafin in matse soso sun sha kwana.

Abin da ya fi ci mini rai, motata don Kafinta nake wanke ta. Ranar zuwansa asibiti ce, kuma tun da ciwon ya kama shi ni nake kai shi. Har filo na sa masa a kujera.

Katanga ɗaya ce tsakanina da shi. Yana ƙera gadaje da ƙofofi da kabad a rumfar ƙofar gidansa, ni kuma ina kai wa masu su a bayan a-kori-kurata. Katakon da ya kewaye bodinta ma shi ya buga shi, ranar da na sayo ta. Tsohuwa ce, ban musa ba. Fentinta ya koɗe har mutane na gardama kan ko shuɗiya ce ko toka-toka. Ƙofar dama sai an buɗe ta daga waje, kuma idan sanyi ya yi sai an lallashe ta kafin ta tashi. Amma babu gidan da ke layinmu da ba ta yi wa aiki ba. Ta kwashe kayan masu tashi, ta kawo yashi da bulo, ta kai masu naƙuda asibiti. Kuma a duk yawon nan Kafinta yana gefena, gwiwar hannu a taga, yana koya mini tuƙin da bai iya ba.

Da suka dawo ina zaune a kan benci a rumfarsa. Aka zaro shi daga motar da ƙyar, yana haki, amma fuskarsa na sheƙi kamar an shafa mata mai.

"Direba, ashe duk shekarun nan a keken shanu kake yawo da ni!"

"Me likita ya ce?"

"Bar likita. Ka san kujerar nan rungume mutum take yi? Sanyi na fitowa ta gaba, ta ƙasa, har ta bayan wuya. Ba ka jin komai yana kwaramniya. Da ya taka ta a babban titi, wallahi sai da cikina ya koma bayana."

"A ɗora mata gado ɗaya in gani."

"Wa ke maganar gado?"

"To buhun siminti. Ko akuya. Motar da mutum uku ba za su shiga ba ita ce mota?"

Lauya yana tsaye yana murmushi, makulli na yawo a ɗan yatsansa. "Gaskiyarku ce, Baba," ya ce da ni. "Ba ta kai motarku amfani ba."

Wannan ladabin nasa ya fi komai ba ni haushi. Da ya yi gardama da na samu inda zan kama.

Auta ce ta gaya mini abin da likitan ya ce, a zaure, murya ƙasa-ƙasa. Sun ce ya zauna a gida ya huta, a ci gaba da ba shi iskar numfashi, ba sai an riƙa wahalar da shi da zuwa ba. Ta faɗa tana kallon ƙasa. Ni da ita duka mun gane.

Daga ranar abin ya zama kullum. Da yamma ta yi Lauya ya dawo daga ofis, sai ya cire kwat ya tsallako titi. A fito da Kafinta, a naɗe shi, a cusa shi. Ni kuwa ina bayan labulen ɗakina, na ɗaga gefe ɗaya.

"Mutum da furfurarsa yana leƙe," in ji uwar 'ya'yana tana ninke kaya. "Fita mana ka gaishe su."

"Wa ya ce miki su nake kallo? Tayata nake dubawa, kamar ta yi ƙasa."

"Ta taga?"

"Ke dai ki duba motar nan don Allah. Abin da ko tudun bakin layi sai ta bi shi a kaikaice kamar kaguwa. Fitila ɗaya ta fashe, sai an aika ƙasar waje. Ni tawa kowane bakanike ya san cikinta. Da waya da filaya ma sai in gyara ta."

"Ai kullum cikin gyaran kake."

Rannan kuwa da suka zo tudun, cikin motar ya gogi siminti, ƙiii, har masu shago suka leƙo. Daɗi ya kama ni har na saki labule na fito ƙofa. Sai na hango Kafinta ta gilashi yana ƙyalƙyala dariya yana dukan cinyar Lauya, kamar yadda yake dukan tawa idan na faɗa rami. Na koma ciki.

Na daina shiga gidansa. Da safe in tsaya a zaure in tambayi Auta ya mai jiki, in wuce. Na ce wa kaina aiki ne ya yi yawa. Aikin kuwa babu, don tun da rumfar Kafinta ta rufe rabin lodina ya tafi. Sai in kai motar bakin kasuwa in zauna a ciki, ina kallon kujerar gefena, ina ƙirƙiro maganganun da zan gaya masa a kan kwaɗon nan. Wa ya kai shi asibiti ranar da numfashinsa ya fara ɗaukewa? Wa ya san yadda yake son a ajiye masa filo? Yaron da ko sunan marigayiya matarsa bai sani ba, shi ne yau abokin yawo.

Wata safiya Auta ta same ni na buɗe bonet ina zuba ruwa a lagireto.

"Baba Direba, Baba yana kiranka."

"Lauya ba ya nan ne?"

Ta dube ni irin kallon da uwarta ke yi mana idan mun daɗe muna gardama abinci na hucewa. "Kai ya ce."

Yana kishingiɗe a kan gadon da ya ƙera da hannunsa, an jera masa filo har uku a baya. Tulun iskar yana tsaye a kusurwa, dogo kamar mutum, siririyar roba ta taho daga kansa zuwa hancin Kafinta. Ɗakin na warin man zafi, amma ƙarƙashinsa har yanzu akwai ƙamshin katako, don a nan yake ajiye kayan aikinsa masu tsada. Ya rame fiye da yadda na bar shi. Agogonsa ya zame har tsakiyar hannu.

"Ka ga baƙo," ya ce. "Daga wace ƙasa?"

"Aiki ne."

"Aikin leƙe ta labule? Ai ina ganin hancinka."

Na zauna a kan kujerar roba.

"Direba, tsofai-tsofai da kai kake kishi da mota?"

"Kishin me? Kowa da abin da yake so. Ka samu mai sanyi, ka samu mai rungume mutum. Mu masu keken shanu sai mu ja gefe."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Na miƙe zan riƙe shi, ya ɗaga mini hannu.

"Ka gani? Wannan ne. Wannan abin da ka yi yanzu." Ya jira numfashinsa ya dawo. "Tun da na kwanta, idan na shiga motarka tafiya kake kamar ka ɗauko ƙwai. Ka kauce wa rami, ka dube ni. Ka taka burki, ka dube ni. In yi tari, ka tsaya gefen titi. A motarka ni mara lafiya ne, daga ƙofar gida har ƙofar asibiti. Shi yaron nan bai san ni da lafiya ba, balle ya ji tausayin yadda na koma. Na ce taka, sai ya taka. Kafin mu dawo na manta da ƙirjin."

"To laifi ne don na kula da kai?"

"Ban ce laifi ba ne. Gajiya na yi da shi."

Maganar ta shige ni, amma ba ta kashe abin da ke cina ba. Na ce, "Da ka gaya mini ai da na taka."

"A wace motar? Motarka idan ta wuce gudun keke sai ƙofofi su fara salati." Ya gyara robar hancinsa. "Yau da yamma ka sa rigar kirki. Na yi magana da Lauya."

Da yamma Lauya ya miƙo mini makullin da hannu biyu. Ba makulli ba ne ma, wani ɗan baƙin abu ne kamar sabulun otal.

"Baba ya ce ku za ku ja shi yau."

Na so in ce ba na so. Amma an riga an cusa Kafinta, yana ciki yana buga gilashi. Na sunkuya, gwiwoyina suka yi ƙara, na faɗa cikin kujerar kamar na faɗa rijiya. Lauya ya leƙo ya nuna mini abin dannawa, ya nuna mini giyar, wadda ba ta fi kan cokali ba. Ƙafata ta hagu ta yi ta lalube tana neman kuloci, babu. Na ja a hankali. A madubi na hango Lauya tsaye kusa da a-kori-kurata, hannu a aljihu, yana ƙanƙancewa. Kujera biyu ce, babu wurinsa. Raina ya yi fari tas.

Na bi tudun a kaikaice, yadda na sha yi musu dariya. Muka ratsa kasuwa, masu babur na kauce mana, mutane na juyowa. Ban taɓa tuƙa motar da ake juyowa a kalla ba. Da muka hau babban titin da ya fita gari, hanya ta miƙe fetal.

"Taka mana," in ji Kafinta.

Na ɗan ƙara.

"Direba, gawa ka ɗauko? Taka!"

Na taka. Wani abu ya danna ni cikin kujera, gurnanin ya koma kuka, bishiyoyin gefen hanya suka haɗe suka zama bango ɗaya. Sitiyarin bai yi rawa ba ko kaɗan. Inda na yi tunani, nan take zuwa. Kafinta ya saki ihu irin na yara, ya ɗaga hannuwa sama har suka bugi rufi. Sai tari ya sarƙe shi. Ƙafata ta fara ɗagawa, kaina ya fara juyawa.

"Kar ka dube ni!" ya ce cikin tarin. "Dubi hanya!"

Na dubi hanya. Muka yi ta tafiya har rana ta sauko ta shiga idanunmu, sannan na juya.

A hanyar dawowa ya jingina kansa da kujera. Can ya ce, "To, ya ka gani?"

"Ba laifi."

"Maƙaryaci."

Washegari da na shiga tawa, sitiyarin ya yi mini nauyi kamar ina juya dutsen niƙa. Na ji kowace kwaramniya da na daina ji shekara da shekaru. Kuloci ya yi tauri, kujera ta soke ni da waya. Na tsaya a bakin layi ina kallon kwaɗon yana sheƙi a inuwa, na ji haushinsa ya ninka na da, don yanzu na san abin da ke cikinsa. Yaro ƙarami yana da wannan, ni na ƙare rayuwata ina lallashin baƙin ƙarfe.

Bayan wannan fitar Kafinta bai sake hawa mota ba. Jikin ya ƙi. Sai muka koma zama a ɗakinsa, ni a kujerar roba, Lauya a bakin gado idan ya dawo aiki. Kafinta ya kunna mu ya koma gefe yana saurare.

"Lauya, gaya masa dawakai nawa ka ce suna cikin injinka."

Lauya ya faɗa, yana jin kunya.

"Duk dawakan nan," na ce, "mutum biyu suke ja. Ni jakuna kaɗan gare ni, amma sun tashi gidaje."

"Ka ji shi ko?" in ji Kafinta, ido a rufe, yana murmushi. "Rannan har waƙa yake yi a cikinta."

"Ban yi waƙa ba."

"Ka yi."

Ranar ƙarshe hutu ce, hantsi ya ɗaga. Auta ta shigo gidana ko sallama babu.

"Baba Direba, iskar ta kusa ƙarewa, allurar ma'aunin tulun ta yi ƙasa. Masu kawowa sun ce motarsu ta lalace, sai dai a je a ɗauko. Kuma numfashinsa ya canza."

Muka fito tare. Lauya ya riga ya tsallako, da silifas a ƙafa.

"In je da tawa, ta fi sauri," ya ce.

"Ka sa tulun a ina? A cinyarka?" Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. "Wannan ba aikin kwaɗo ba ne. Kai zauna da shi."

Na leƙa ɗakin. Idanun Kafinta a buɗe suke, ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri.

"Yanzu zan dawo," na ce.

Ya ɗaga yatsu biyu daga kan bargo.

Bugu ɗaya motata ta tashi. Ban taɓa tuƙa ta irin na ranar ba. Ban kauce wa rami ko ɗaya ba, ƙofofi na kaɗawa, katakon baya na tsalle, hannuna a kan hon tun daga layinmu har wurin masu iskar. Aka ɗora mini tulun, na ɗaure shi da igiya, na juyo. A kasuwa wata babbar mota ta gindaya tana sauke kaya, na hau gefen titi na wuce, masu tebur na zagina. Allurar zafin inji ta haye ja, ban tsaya ba.

Da na sha kwanar layinmu sai na ga takalma a ƙofar gidansa. Da yawa. Ban kashe mota ba na ji kukan Auta.

Na daɗe a zaune riƙe da sitiyari. Injin yana ta tafasa, tururi na fita ta gefen bonet.

Lauya ne ya fito. Ya zo ya tsaya a tagata, idanunsa jawur. A gaban rigarsa akwai jiƙon ruwan da ya ba shi. Na kalli jiƙon nan. Tun muna samari nake tare da mutumin nan, amma a hannun wanda ya zo jiya ya tafi.

"A hannunka?" na ce.

"Eh, Baba. Ni da Auta."

"Ya ce wani abu?"

Ya goge fuska da tafin hannu. "Ya tambaya ko kun dawo. Na ce tukuna."

"Sai me?"

"Sai ya ce, 'Ai ba zai yi sauri ba. Lallaɓa tulun zai yi kamar jariri.' Ya yi dariya kaɗan. Daga nan bai ƙara magana ba."

Na buɗe baki in gaya masa irin gudun da na yi, in nuna masa tururin, in ce ya je kasuwa ya tambaya. Sai na ga ba shi nake son gaya wa ba. Na kashe motar.

Aka yi jana'iza da yamma. Kwanakin da suka biyo baya a-kori-kurata ba ta huta ba: ta ɗauko rumfa, ta ɗauko kujeru, ta ɗauko 'yan'uwa daga tasha, ta mayar da tulun da ba a buɗe ba. Motar Lauya na gefe an lulluɓe ta da tampol, don ta ba masu zaman makoki wuri. Mutane na ta cewa, "Allah ya saka, Direba, motar nan taka ta yi rana." Ina amsawa. Amma duk wanda ya zauna sai ya ce a nuna masa wanda marigayin ya cika a hannunsa, a kira Lauya, a riƙe hannunsa a yi masa addu'a. Ni ina can ina sauke kujeru.

Da aka watse, aka tara kujerun roba a bayan motata za a mayar wa masu su. Sun yi tsiri har sun wuce katako, igiyata kuma ba ta kai ba. Ina tsaye ina tunanin yadda zan yi, sai ga Lauya ya fito cikin farar riga mai guga, da alama ofis zai koma.

"Bari in riƙe muku, Baba."

"Za ka ɓata kayanka."

Ya taka taya ya haye, ya tsaya a tsakiyar kujerun ya rungume su da hannu biyu.

Na tayar, muka fita layi. A madubi ina ganinsa, kumatunsa manne da ƙafar kujera, iska na kaɗa masa riga, baƙin mai ya riga ya shafe masa hannu ɗaya. Rami na tafe a gabanmu, babba, mai ruwa a ciki. Na sauke giya, na bi gefensa a hankali.